Jita a Waƙar Sifaniyanci: Yadda Tsirkiya Shida Ke Ɗaukar Kuka da Guɗa

Duk wanda ya riƙe wayar Nokia a zamanin da take tashe, ya haddace wani guntun kiɗan jitar Sifaniya ko da bai sani ba. Ƙarar nan da ke tashi idan an kira, an yanko ta ne daga wani kiɗa mai suna Gran Vals da Francisco Tárrega ya tsara a 1902. Haka ma wanda ya ji Despacito a 2017: 'yan tsirkiyoyin da ke buɗe waƙar kafin mawaƙi ya ce uffan, cuatro ce ta tsibirin Puerto Rico, jikanyar jitar da Sifaniyawa suka ƙetara teku da ita. Irin wannan ji na wucewa ne ya sa da yawanmu muka ɗauki jitar Sifaniyanci a matsayin kiɗan taushi kawai, wanda ake sakawa a fim idan saurayi da budurwa sun tsaya kallon juna. Wannan kuwa rage mata daraja ne ƙwarai. A ƙasashe kusan 20 da ke magana da Sifaniyanci, da jita talaka ke makoki, da ita yake biki, kuma an yi lokutan da riƙe ta ya kai mutane gidan yari, wasu ma kabari.

Abin tambaya shi ne yadda akwatin katako guda mai tsirkiya shida ke iya ɗaukar duk wannan nauyi. Don a gane, sai an je kudancin Sifaniya, yankin Andalusiya.

Wannan ita ce Andalus ta littattafanmu, ƙasar da Musulmi suka mulki sassanta daga 711 zuwa 1492, inda aka haifi Alfazazi mai Ishiriniya. A wajen 822 mawaƙin nan Ziryab ya iso Ƙurɗuba daga gabas da ud ɗinsa, wato molon Larabawa, ya koyar da kiɗa a fadar Umayyawa. Sau da yawa akan ce jita ɗiyar ud ce kai tsaye, amma wannan gajarta labari ne, domin kayan kiɗa masu tsirkiya iri-iri sun daɗe suna cuɗanya a wannan ƙasa. A ƙarni na 16 manya na kaɗa vihuela, wata 'yar'uwar jita, a fada, talakawa kuma na kaɗa wata 'yar ƙaramar jita a titi da shagon aski. Jitar da muka sani yau, da faɗin cikinta da tsawon wuyanta, aikin wani kafinta ne ɗan Almería mai suna Antonio de Torres, wanda ya rayu daga 1817 zuwa 1892. Shi ya faɗaɗa jikin, ya sirantar da allon gaba, ya tallafe shi ta ciki da siraran sanduna a baje. A 1862 har ya haɗa wata jita da bayanta da gefenta na kwali ne, don ya nuna wa masu musu cewa allon gaban nan shi ne ke magana.

Waƙar da ta riga jita

Flamenko, salon waƙa da kiɗa da rawa na Andalusiya, ya tsiro ne tsakanin mutanen da ba su da gata. A gaba-gaba akwai al'ummar Roma, waɗanda a can ake kira Gitano, masu asali daga Indiya, da suka shigo Sifaniya a 1425. Tun daga 1499 dokoki suka yi ta binsu, ana hana su yawo, da harshensu, da suturarsu. A 1749 aka yi musu kamun dare ɗaya, aka kwashe dubbai, maza zuwa aikin tilas a tashoshin jiragen ruwa, mata da yara zuwa wasu wuraren tsarewa daban. Kafin nan, daga 1609, an riga an kori jikokin Musulmin da aka tilasta wa Kiristanci. Tare da manoman haya da 'yan ƙwadagon Andalusiya, a unguwanni irin su Triana ta birnin Sebiya, da Jerez, da Cádiz, aka ƙera wannan salon waƙa tsakanin ƙarshen ƙarni na 18 da ƙarni na 19.

Abin da mutane da dama ba su sani ba shi ne tsofaffin waƙoƙin ba su da jita sam. Martinete waƙar maƙera ce, murya ce tsirara, in ma an raka ta to da guduma ne a kan uwar maƙera. Carcelera ta 'yan gidan yari ce. Jita ta shigo ne daga baya, ta zauna da gindinta a ƙarni na 19 lokacin da aka buɗe gidajen shan gahawa masu dandalin waƙa, irin wanda Silverio Franconetti ya buɗe a Sebiya a 1881. Da yake baƙuwa ce, aikin da aka ba ta shi ne hidimar murya, kuma daga wannan hidima ne duk iyawarta ta fito.

Ka kalli yadda suke zama. Mawaƙi na kan kujera, makaɗi na hagunsa, kuma idon makaɗin ba ya kan tsirkiya, yana kan bakin mawaƙin da maƙogwaronsa. Makaɗi zai fara shimfiɗa 'yan sautuka don mawaƙi ya kama tsayin muryar da za a yi. Sai mawaƙin ya ja wani dogon “ay”, babu kalma a ciki, yana lanƙwasa shi, yana karya shi. Babu takarda a gaban kowa. Makaɗi bai san tsawon da mawaƙi zai ja wannan baitin yau ba, don haka yana jira, yana ɗan taɓa tsirkiya, sai ya ji muryar ta kusa sauka ya tare ta. Idan baiti ya ƙare mawaƙi na maida numfashi, sai jita ta yi nata jawabin, wanda suke kira falseta. Matsayinta a nan na ɗan amshi ne a gaban makaɗin fada: ba shi ya ƙirƙiri maganar ba, amma in ya yi sakaci waƙa ta zube, in kuma ya ƙware sai ka ji kamar shi ya ƙarasa abin da ubangidansa ya kasa furtawa.

Akwai dalilai na zahiri da ke sa wannan kiɗa ya taɓa zuciya. Mafi yawan waƙoƙin baƙin ciki na flamenko suna tafiya ne a kan gangara mai hawa huɗu: La, So, Fa, Mi. Taki biyu na farko a sake suke, amma daga Fa zuwa Mi rabin taki ne kawai, matsattse, kuma makaɗi kan daɗe yana kai da komo tsakanin waɗannan biyun kafin ya sauka. In ma ya sauka, kunnen da ya saba da kiɗan Turai ba ya jin an iso gida, sai ya ji kamar an tsaya a bakin ƙofa. Wanda ya saba da ƙasidun Larabci zai ji kamannin wannan da maƙamin Hijaz. Wannan rashin saukar gaba ɗaya shi ne ke hana mai sauraro sakin ajiyar zuciya, waƙa ta ƙare amma ƙuncin bai tafi ba.

Dalili na biyu yana jikin jitar kanta. Goge ko sarewa na iya riƙe sauti muddin hannu ko numfashi bai gaji ba, amma sautin jita yana fara mutuwa ne tun daga lokacin da aka fizgi tsirkiya. Makaɗa sun mai da wannan rauni makami. Wani lokaci su bar sautin ya mutu, shirun da ke biyo baya ya yi aiki. Wani lokaci su hana shi mutuwa da abin da ake kira trémolo: babban yatsa na taka ƙasa, sauran yatsu na maimaita sauti ɗaya da sauri har ya zama kamar muryar da ke rawa. A taranta, waƙar masu haƙar ma'adinai ta Almería da La Unión, ana barin wasu tsirkiyoyi a sake su yi karo da waɗanda aka danne, sai a sami wani amo mai duhu wanda da gangan bai daidaita ba. Waƙar ba ta da ƙidayar bugu, mawaƙi na tafiya yadda numfashinsa ya ba shi, yana zancen rami da ƙura da abokin da ƙasa ta rufta wa. Har yau ana gasar waɗannan waƙoƙi a La Unión duk shekara, tun 1961.

Mafi nauyi duka ita ce seguiriya. Jigonta mutuwa ne, da rashin uwa, da kurkuku. Bugunta biyar ne marasa daidaito, gajere biyu, dogo biyu, gajere ɗaya, kamar tafiyar mai ɗingishi. A watan Yunin 1922, da mai tsara kiɗa Manuel de Falla da marubuci Federico García Lorca suka ga irin waɗannan waƙoƙi na neman ɓacewa, sai suka shirya gasa a harabar fadar Alhamra ta Garnaɗa. Wani tsoho mai shekara sama da 70, Diego Bermúdez, da wani yaro ɗan shekara 12, Manolo Caracol, su suka fi ɗaukar hankali. Lorca yana da waƙa a kan jita inda ya ce kukanta ya fara kuma ba shi yiwuwa a sa ta shiru, ya kira ta zuciyar da takubba biyar suka raunata. Takubban nan yatsun makaɗi ne.

Ƙidaya ɗaya, fuska biyu

A nan ne abin da ya fi burge ni yake. Wanda bai sani ba zai zaci waƙar makoki da waƙar biki gida daban-daban suke. A flamenko gida ɗaya suke, har ɗaki ɗaya.

Akwai wata ƙidayar bugu 12 da suke kira compás, ana danna wasu ana sassauta wasu: ɗaya, biyu, UKU, huɗu, biyar, SHIDA, bakwai, TAKWAS, tara, GOMA, sha ɗaya, SHA BIYU. A kan wannan ƙidaya ake yin soleá, waƙar kaɗaici, a hankali, da nauyi. Ka ɗauki ƙidayar nan ba ka canza ko bugu ɗaya ba, ka ƙara mata ɗan sauri, ka fitar da ita daga gangarar nan mai duhu zuwa sautuka masu haske, sai ta zama alegrías ta Cádiz, waƙar bakin teku da gishiri da jiragen kamun kifi. Ka ƙara mata wuta sosai, sai ta zama bulerías ta Jerez, wadda ake rufe taro da ita, inda tsohuwa da jikanta kowa ke shiga fili ya taka ya fita, ana tafi ana kirari.

Hannun dama ne ke sauya yanayin. A rasgueado makaɗi na dunƙule yatsu sannan ya watsa su ɗaya bayan ɗaya, bayan farce na share tsirkiyoyin duka, sai ka ji wani ruri kamar na ganga. Yana cikin haka yana ƙwanƙwasa allon gaba da yatsa, shi ya sa ake manna wa jitar flamenko wani siririn faranti don kada farce ya huda ta. Ita kanta jitar an yi ta ne don wannan aiki: mara nauyi, tsirkiya kusa da wuya, sauti mai kaifi da saurin ɗaukewa. Bayanta da gefenta na itacen ciprés ne, wanda aka zaɓa tun farko saboda ya fi katakon da ake shigowa da shi araha. Shi ne kuma itacen da ake shukawa a maƙabartun Sifaniya.

Ko a tsakiyar murnar ba a sallami baƙin ciki ba. A rawar alegrías akwai wani sashe da ake kira silencio, inda mawaƙi ke yin shiru, jita ta rage gudu ta koma sautuka masu duhu na ɗan lokaci, kafin a sake ɓarkewa. Bulerías kuwa sau da yawa a kan gangarar nan ta soleá ake yin ta, kuma baitocinta na iya zama na yunwa ko cin amana, ana rera su ana dariya. Ni dai ina ganin wannan shi ne gaskiyar da jitar ke faɗa game da mutanenta: wanda aka daɗe ana kora ba ya jiran damuwa ta ƙare kafin ya yi biki, domin in ya jira ba zai taɓa yi ba.

Wanda ya fitar da jita daga inuwar mawaƙi zuwa idon duniya shi ne Paco de Lucía, haifaffen Algeciras a 1947. Mahaifinsa ya cire shi daga makaranta yana yaro, ya sa shi kaɗa jita sa'o'i masu yawa kullum. Daga 1969 ya yi faya-fayai kusan goma da mawaƙi Camarón de la Isla, Bagitane, kuma wanda ke son jin yadda murya da tsirkiya ke zama abu ɗaya, can zai nufa. A 1975 ya kaɗa a Teatro Real na Madrid, zauren da a da ba na irinsu ba ne. Duk da haka ya sha faɗa cewa shi mawaƙi ya so ya zama, kunya ce ta sa ya ɓuya a bayan jita. Ya rasu a Meziko a 2014.

Bayan ta ƙetare teku

Jita ta isa nahiyar Amurka ne a hannun masu mamaya: sojoji, matuƙan jirgi, da 'yan mishan. Abin da 'yan ƙasa da bayin da aka kawo daga Afirka suka yi da ita shi ne babin da ya fi nuna asali. Ba su bar ta yadda ta zo ba, kowa ya sake yanka ta daidai bakinsa. A tsaunukan Bolibiya da Peru ta ƙanƙance ta zama charango mai tsirkiya goma, wadda a da ake yi wa baya da ɓawon wata 'yar dabba, mai murya siririya da ke ratsa iskar tsauni. A gabashin Kyuba ta zama tres, mai tsirkiya biyu-biyu jeri uku, wadda aikinta maimaita gajeren zagaye ne da ke saƙa da ganguna, tsarin da kunnen ɗan Afirka zai gane nan take. A filayen kiwon Benezuwela ta zama cuatro mai tsirkiya huɗu, a Kolombiya tiple, a Veracruz ta Meziko jarana da ake sassaƙawa daga gungume guda. A ƙungiyar mariachi, makaɗan gargajiya na Meziko, ta rabu biyu, ƙaramar vihuela mai ƙusumbi da ƙaton guitarrón mai kaurin murya. Mutumin can yana jin tsirkiya biyu zai gaya maka ƙasar da waƙa ta fito.

Wani reshe ma ya dawo mana. Daga shekarun 1930 faya-fayen garmaho na waƙoƙin Kyuba suka cika biranen Afirka, makaɗan Kinshasa da Dakar da Konakiri suka ɗauki zagayen tres suka ɗora a kan jita. Kiɗan Kwango da aka sha rawa da shi a nan yana da wannan jini a jikinsa.

A fagen soyayya, bolero ce uwa. An haife ta a Santiago ta Kyuba, kuma waƙar da ake ɗauka ta farko ita ce Tristezas ta Pepe Sánchez, wani tela da bai yi karatun kiɗa ba, a shekarun 1880. Meziko ta karɓe ta ta mayar tata. Ƙungiyar Los Panchos, wadda aka kafa a New York a 1944, ta kafa tsarin da aka bi shekaru da dama: maza uku, muryoyi uku a haɗe, da wata ƙaramar jita mai suna requinto da Alfredo Gil ya yi fice da ita, wadda ake ɗaure ta sama da jita ta yau da kullum. Muryoyin na faɗin ciwon cikin ladabi da natsuwa, requinto ce ke tsalle tsakanin baitoci tana nuna abin da ke tafasa a ciki. Da irin wannan ƙungiya saurayi ke zuwa ƙarƙashin tagar budurwa da dare, kuma a ranar 10 ga Mayu, ranar uwaye a Meziko, 'ya'ya ke tayar da uwayensu da ita.

Ranchera ta Meziko yawanci da ƙaho da goge da ihu ake yin ta, namiji na kuka amma yana buga ƙirji. Chavela Vargas, haifaffiyar Kosta Rika da ta rayu daga 1919 zuwa 2012, ta kwashe duk wannan ta ajiye. Ta bar jita kaɗai, ta rage gudun waƙoƙin har kowace kalma ta tsaya da ƙafarta. Waƙoƙin da maza ke rerawa cikin alfahari a mashaya, a bakinta sai suka fito da raunin da ke ƙarƙashinsu tun farko.

Labarin bachata kuwa labarin raini ne. Bayan kashe Trujillo, mai mulkin kama-karya na Jamhuriyar Dominika, a 1961, mutanen karkara suka kwararo unguwannin talakawa na Santo Domingo da jitocinsu. José Manuel Calderón ya naɗi waƙoƙin farko a 1962. Ana kiran salon kiɗan ɗaci, masu hali na ɗaukarsa na masu gadi da 'yan aikin gida da gidajen giya, manyan gidajen rediyo ba sa sawa, sai wata tasha guda, Radio Guarachita. Jitar gaba a bachata ba ta share tsirkiya, tana tsinke su ne ɗaya-ɗaya da kaifi, sautin na ɗiga a saman 'yan gangunan bongó da güira, ƙarfen da ake kankarawa. Kalmomin na mutumin da aka yaudara ne, amma ƙafa ba ta iya zama. Sai da Juan Luis Guerra ya fitar da Bachata Rosa a 1990 kafin masu kuɗi su yarda su saurara a fili, kuma a 2019 UNESCO ta sa ta cikin kayan gadon al'adun duniya, kamar yadda ta sa flamenko a 2010 da mariachi a 2011.

Hannun da hukuma ke nema

A kudancin nahiyar, jita ta ɗauki wani aiki mai haɗari. Atahualpa Yupanqui na Ajantina ya yi shekaru yana yawo a kan doki da alfadari cikin ƙauyuka, yana koyon salon waƙoƙin milonga da zamba daga makiyaya da ma'aikatan gonakin rake. Kiɗansa ba shi da ado, sautuka kaɗan ne masu kauri da tazara a tsakani, irin na mutumin da ya saba da doguwar hanya shi kaɗai. Waƙoƙinsa na zancen makiyayin da wahalar tasa ce amma shanun na wani ne. A zamanin shugaba Perón an tsare shi fiye da sau ɗaya, kuma ya ba da labarin yadda aka ɗora masa keken rubutu a hannun dama aka danne. Bahago ne, da hagu yake fizgar tsirkiya, amma ya ce har bayan shekaru akwai sautukan da danna su ke ba shi wuya.

A Chile, Violeta Parra ta bi ƙauyuka a shekarun 1950 tana tattara waƙoƙi daga bakin tsofaffi, ciki har da na guitarrón ɗin ƙasar mai tsirkiya 25. Cikin abin da ta tarar akwai al'adar kwanan zaune idan jariri ya rasu: mawaƙa na zagaye gawar suna rera baitoci har asuba, ana roƙon uwar kada ta yi kuka don kada hawayenta su jiƙa fukafukan yaron. Ita ce ta rera Gracias a la vida a 1966, waƙar godiya ga rayuwa, da charango a hannunta. A watan Fabrairun 1967 ta kashe kanta. Wanda ya san wannan ba zai iya cewa waƙar ta murna ce ko ta ban kwana ba.

Víctor Jara ya bi sawunta. Ɗan manoman haya ne, uwarsa ce ta fara nuna masa jita. A ɗaya daga waƙoƙinsa na ƙarshe ya ce ba don daɗin murya yake waƙa ba, yana yi ne don jita tana da hankali da dalili, kuma tasa ba jitar masu kuɗi ba ce. Da sojoji suka kifar da gwamnatin Salvador Allende a ranar 11 ga Satumban 1973, washegari aka kama shi a jami'ar da yake aiki, aka kai shi filin wasa na Estadio Chile tare da dubban mutane. Aka farfasa masa hannu, aka yi masa ba'a cewa ya kaɗa mana, sannan aka harbe shi. An sami raunin harsashi 44 a jikinsa. Filin wasan ya koma sunansa a 2003, kuma sai a 2023, bayan shekara 50, kotun ƙolin ƙasar ta tabbatar da hukunci a kan tsofaffin hafsoshin da suka yi kisan. A shekarun farko na mulkin sojan Janar Pinochet, wanda ya biyo bayan Allende, ko charango da sarewar quena sun zama abin zargi, saboda an san waɗanda ke kaɗa su da abin da suke faɗa.

Sai dai kada a ɗauka jita kullum tana gefen wanda aka zalunta. Gwamnatin kama-karya ta Janar Franco a Sifaniya, wadda mutanenta suka kashe Lorca a 1936, ita ce ta mai da flamenko tambarin jawo 'yan yawon buɗe ido, da jar riga da fure a ka, alhali dokar da ta umarci jami'an tsaro su sa wa Gitano ido na musamman ba a soke ta ba sai 1978. An so kiɗan, ba a so masu shi ba. Wannan ciwo ne ke tashi duk lokacin da wani daga waje ya yi suna da flamenko, kamar muhawarar da aka yi a kan mawaƙiya Rosalía, 'yar Kataloniya, bayan 2018. Ina ganin ƙorafin Gitano yana da tushe, domin maganar ta wanda ke cin riba ce. Amma masu cewa a bar flamenko tsantsarsa suna mantawa cewa akwatin nan da ake zama a kai ana bugawa, cajón, wanda yau kowa ke ɗauka na gado ne, na baƙaƙen fatar Peru ne, Paco de Lucía ne ya ɗauko shi daga Lima a ƙarshen shekarun 1970.

Rigimar da ta fi zafi yanzu a Meziko take. Corrido tsohuwar waƙar labari ce, ita ta yaɗa labarin jagororin tawaye Pancho Villa da Emiliano Zapata lokacin juyin juya halin 1910 ga mutanen da ba su iya karanta jarida ba. Matasa irin su Natanael Cano da Peso Pluma sun sabunta ta da jita mai tsirkiya 12 da ake fizga da ƙarfi, kuma a zamanin da kwamfuta ke haɗa yawancin kiɗa, yara a Sinaloa da Kalifoniya sun koma koyon jitar katako. A 2023 waƙar Ella Baila Sola ta kai mataki na 4 a jerin Billboard na Amurka, matsayin da waƙar gargajiyar Meziko ba ta taɓa kai wa ba. Amma da yawan waɗannan waƙoƙi kirari ne ga manyan dillalan ƙwaya, a ƙasar da dubban uwaye ke neman gawar 'ya'yansu. Wasu jihohi sun hana rera su a bainar jama'a, shugaba Claudia Sheinbaum kuma ta ce ba ta goyon bayan hani, ta buɗe gasar waƙoƙin da ba sa yabon tashin hankali. A watan Afrilun 2025, a wani baje koli a Texcoco, mawaƙi Luis R. Conriquez ya shaida wa 'yan kallo cewa saboda dokar ba zai rera irin waɗannan waƙoƙi ba. Jama'a suka yi ta ihu da jifa, da ya sauka kuma suka hau dandalin suka farfasa kayan kiɗan.